Sai 'Ya'yan Kwasakwasa Sun Tashi

Ndlovini, ta Mtubatuba,
Watan Afrilu.

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Zibuyile,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'yarki Sindi da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Yaya hayaniyar Thekwini? Ni ma ina nan da sauƙi, irin sauƙin da ake samu a shekaruna.

Bargon da kika aiko ta hannun direba ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah ki hana Sindi kirana a waya. Kunnena ya daina kama muryar da ba na ganin bakin mai ita, sai in yi ta cewa "to, to" ban san abin da na amsa ba. Alƙalami kuwa tun muna makarantar mishan bai taɓa ba ni kunya ba, sai dai yanzu yakan ɗan yi rawa a kan layi. Ki yi haƙuri da shi.

Kin ce in kulle gida in komo wurinku, tunda nas ɗin asibitinmu ta gaya miki abin da ta gaya mini game da zuciyata. Ba ta yi ƙarya ba. Ƙafafuna suna kumbura, in na je famfo sai na zauna a hanya kafin in kawo gida. Tun rasuwar matata, gidan nan daga ni sai kaji sai rediyo, rediyon ma ya fi ni magana. Ban raina kiranki ba. Amma ba zan zo yanzu ba, ki ji dalili kafin ki yi fushi.

Ruwa ya koma tsohon gidanmu.

Kin san an daɗe da sare dogayen itatuwan katakon nan da ake kira fayin, na tsallaken tafki, tun da aka mai da wurin gandun tsuntsaye da namun daji. To, sai fari ya biyo baya, wurin ya zama kututture da busasshiyar ciyawa, ba mai iya gane gabas ɗin komai. Bara da bana kuwa sama ta buɗe. Shekaranjiya maƙwabciyata MaZikhali, wadda ke shiga gandun yankan ciyawar tabarma duk shekara, ta zo aron gatari tana ta zuba kamar yadda ta saba. Ta ce, "Baba, ƙanena mai gyaran hanya a ciki ya ce tafki ya fito inda ba a san tafki ba. Ya lanƙwashe kamar lauje, da tudu a cikinsa, dinya kuwa sai ka ce a kwasa da kwando." Na ce ta maimaita. Ta ce, "Kai Baba, kunnen ne ko kwaɗayin dinyar?" Ni kuwa hannuna ya riga ya saki kofin shayi.

Zibuyile, Tafkin Dinya ke nan. A bakinsa Mama take wanki. A kan tudun nan gidanmu yake, kuma a nan take kwance.

Ke ba za ki tuna ba, kina goye a bayan Gwaggo ranar da motocin gwamnatin wancan zamani suka kwashe mu, Mama ko shekara ba ta yi a ƙasa ba. Kafin mu gama kafa bukka a nan, an jera fayin a kan gonakinmu da kaburburanmu. Ina saurayi na sha satar jiki in shiga neman wurin. Layi ne bayan layi, kowane itace kamar ɗan'uwansa, ƙasa lulluɓe da busasshen ganye mai kama da allura, ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Itatuwan sun shanye tafkin har gindinsa. Ina zan ɗora reshen da ake ɗauko kurwar mamaci da shi, alhali ban san inda take ba? Baba ya tafi da wannan a ransa. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce, "Ku ɗauko uwarku."

Duk mutanenmu suna nan gida ɗaya, Baba da Gwaggo da matata. Ita kaɗai aka bari a daji shekara sittin da ɗoriya. Waɗanda suka san ƙofar tsohon gidan duk sun ƙare, ni kaɗai na rage. In na kwanta ban je ba, shi ke nan, ta zauna can ba mai kiran sunanta.

Saboda haka wata mai kamawa, in an buɗe wa mata ƙofar gandu don yankan ciyawa, zan bi su. Na riga na ga magaryar kurar da zan yanko reshe a jikinta, tana bakin rafi bayan cocinmu. Zan ɗora shi inda take, in kira ta, in kawo ta gida yadda aka yi wa kowa. Na san abin da za ki ce. Ki ce, amma ki sa ni a addu'a.

Ki gaida Sindi da mijinta, ki shafa mini kan yara.

Naki yayanki,
Velaphi Mthiyane.


Ndlovini,
Ƙarshen watan Mayu.

Ƙanwata Zibuyile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Takardarki ta zo. Faɗan da ke ciki na karanta na sake karantawa, don rabon da a yi mini faɗa an kwana biyu, har ya yi mini daɗi.

Na je. Ban kawo ta ba. Bari in faro miki daga tushe.

Da safe na yanko reshena, na naɗe gindinsa da hankici saboda ƙaya, na shiga motar mata. In an cire direba ni kaɗai ne namiji. Wata mai ƙatuwar murya ta ce, "Wa ya kawo mana ango? MaZikhali, ashe kin yi kamu kika ɓoye mana!" MaZikhali ta ce, "Ku rabu da shi, dukiyar aurensa kaji ne, ɗaya ma gurguwa ce." Na ce, "Ku dai yi ta surutu. Da ina da ƙafafuna na da, da sai kun yi layi." Aka kwashe da dariya. Amma da suka lura da abin da ke kan cinyata, sai suka matsa mini wuri, ba wadda ta ƙara tambaya.

Bayan ƙofar gandu akwai sauran fayin da ba a kai ga sarewa ba, hanya ta ratsa ta cikinsu. Duhu da shiru da warin ƙaro, yadda na san su. Muna fita daga ciki sai ka ce an yaye mini mayafi daga fuska. Ruwa ko'ina, Zibuyile! Fadama tana sheƙi har gindin tuddan yashin da suka tare teku, ana jin rurin tekun daga bayansu. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar dattawa a wurin shari'a, ga kirinjijiya suna ta fito, ga jinjimi, ga balbela a gadon bayan dorina. Rabona da irin wannan hayaniya tun ina kiwon awakin Baba.

Matan suka sauka wurin yanka. Ni da sandata muka bi gefen ruwa a hankali, ina tafiya ina hutawa, har na ga laujen. Ga tudun. Sai dai ruwan bana ya wuce na zamanin Mama, ya zagaye shi ya mai da shi tsibiri. Tudun kuma fari fat. Na ɗauka idona ne. Ashe kwasakwasa ne ba iyaka, kowace ta kwanta a ƙasa a kan ƙwanta, tun daga bakin ruwa har inda ɗakin Baba yake a da.

A nan ma'aikaciyar gandu mai kula da masu yanka ta same ni, sunanta Lungile Tembe. Na yi mata bayani. Ta cire hularta ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce ba zai yiwu ba. Ta ce an yi shekaru rabon da tsuntsayen nan su yi ƙwai a gandun, in mutum ya taka tsibirin za su watse su bar ƙwan. Ta ce in jira sai 'ya'yan sun tashi, wajen watan Oktoba. Na ce, "'Yata, dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai Oktoba?" Ta sunkuyar da kai, amma ba ta sauya magana ba.

Da rana ta take, Lungile ta tafi ɗaya gefen raba wani faɗa a kan damin ciyawa. Sai ga MaZikhali. Ta ce, "Baba, tashi. Ga wuri can ruwan iya gwiwa ne, ba kada, mun duba. Su yi ta dokarsu ta tsuntsu, uwa ta wuce nan." Ta riƙe ni ta hammata muka shiga. Sanyin ruwan kamar ya tsaga mini ƙashi. Ban shiga da niyyar juyawa ba, ko da zan faɗi a ciki.

Ba mu kai rabi ba tsuntsayen gaba-gaba suka miƙe wuya. Ɗaya ta tashi, sai gefen tudun duka ya tashi, fukafukai kamar ana kakkaɓe zannuwa. Kafin su gama ɗagawa hankaki sun sauko, ban san inda suke laɓe ba. A gaban idona ɗaya ya fasa ƙwai ya tsoma baki. Uwar tana kewayawa a sama, ba ta ma da muryar kirki, wani gurnani kawai take yi.

Na tsaya cak. Na ce a raina, yanzu in na isa can in ce mata me? In ce Mama, tashi mu tafi, ga shi na watsa gidajen iyaye mata kafin in iso gare ki? Matar da ko kaza mai kwanci ba ta yarda mu kora daga kwandonta ba? Na ce wa MaZikhali mu koma. Ta ce, "Bayan mun jiƙe?" Na ce, "Za mu bushe."

Kafin mu fita daga ruwa tsuntsayen sun fara komawa suna kwanciya. Lungile ta iso a guje, ranta a ɓace, ta wanke mu tas. Ita ce kuwa mai gaskiya. Da ta huce ta dubi wandona yana ɗiga, ta dubi reshen, ta ce, "Baba, ranar da na ƙarshensu ya tashi, ni da kaina zan zo da mota in ɗauke ka, in sa ka a kwalekwale. Wannan na ɗauka. Kai kuma ka ɗauki naka, ka kasance da rai."

Na ɗauka. Reshen na mayar gindin uwarsa, in lokaci ya yi na yanko sabo. Ban taɓa roƙon Allah ƙarin kwana ba. Da matata ta tafi ma, cewa na yi a haɗa da ni. Yanzu ina roƙo, kuma ba da wasa ba.

Ki gaida mutanen gida. Ki ce wa Sindi kada ta ji tsoro, kawunta bai haukace ba.

Yayanki,
Velaphi.


Ndlovini,
Watan Yuli.

Zibuyile 'yar'uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai rubuto ba. Yaya sanyi a wajenku? Yaya yara da makaranta? Ki gafarce ni da jinkiri, dalilinsa kin riga kin ji daga bakin nas.

Ruwan nan da na shiga ya biyo ni gida ya zauna a ƙirjina, sanyin bana kuma ya zo ya taya shi. An kwantar da ni a asibitin gari. Likitan yaro ne mai kirki, ya ce zai tura ni babban asibiti can kusa da ku. Na tambaye shi abu ɗaya, ko zai yi mini alkawarin dawowa da ni kafin Oktoba. Ya ce wannan ba ya hannunsa. Na ce to, tafiyar ma ba ta hannunsa. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin mara lafiya mai taurin kai irina ba. Na ce don bai san ƙanwata ba ne.

Na ga abin da kika rubuto, cewa fastonku ya ce matattu suna hannun Allah, ba su kan wani tudu, kuma na fifita tsuntsaye a kan raina. Ba zan yi musu da fastonku ba, ni ma na daɗe ina zama a kujerar dattawan coci. Abin da na sani shi ne, Baba ya ce ku ɗauko uwarku, ban kuwa ji ya ce in kun sami sarari ba. In na same shi can ya tambaye ni, me zan ce? In ce fasto ya ce a bari?

Bari in gaya miki yadda nake zaune yanzu, ki kwantar da hankalinki. Ƙwayoyin da a da nakan manta da su a aljihun kwat, yanzu ba na fashi. Na rabu da gishiri, abinci ya koma kamar ana tauna takarda, amma ina ci. MaZikhali takan kawo tuwon masara da kindirmo ta tsaya a kaina kamar soja. In na ture kwano sai ta ce, "Cinye, tsoho. Ban jiƙa zanena a banza ba." Kullum da hantsi nakan fita da sanda. Da farko shingen gida ne iyakata, yanzu ina kaiwa coci in dawo, ina kuma hawa ɗan tudun makaranta, don kwalekwale bakin ruwa zai aje ni, hawan tudunmu kuwa ba mai yi mini.

Lungile ba ta manta ba. Ta biyo ta nan ta nuna mini hoton 'ya'yan a wayarta. Zibuyile, munana ne na ƙin ƙarawa! Baƙaƙe wuluk, ciki kamar tulu, baki ya fi kai. Na ce, "Waɗannan ne na aje uwata dominsu?" Ta ce, "Kai ma ai ba da gemu aka haife ka ba, Baba." Ta ce sun yi yawa fiye da yadda aka zata, sun fara taruwa a bakin ruwa suna jiran iyaye su kawo kifi. Ban ɓoye miki ba, na ji daɗi. Yanzu in ta zo, kafin in tambayi lafiyarta sai na tambaya ko gashin fiffike ya fito.

Mun binne Mkhwanazi, wanda muka yi makaranta tare, kin tuna shi da haƙorinsa na zinariya. A wurin jana'iza na ga ana satar kallona, ana matso mini da kujera ana yi mini magana a hankali kamar ƙwai. Na ce, "Ku daina auna ni da ido, ba ni ne na gaba ba. Ina da aiki a gabana." Wasu suka yi dariya, wasu suka ji kunya.

Akwai ranakun da numfashi ke yi mini wuya, ba zan yi miki ƙarya ba. In irin ranar ta zo, nakan zauna a ƙofa in fuskanci gabas in ce, ku yi ta girma, ni ma ina nan.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki mai taurin kai,
Velaphi.


Ndlovini,
Farkon watan Oktoba.

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya. Wannan gajera ce, direba yana jira.

Sun tashi. Lungile ta aiko cewa tsibirin ya zama fili, saura 'yan ragwaye kaɗan da ke koyon fiffike a kan ruwa, su ma ba sa kwana a tudun. Za ta zo ta ɗauke ni a makon nan. Na samo akuya, MaZikhali ta jiƙa dawar giya, an share ɗakin kakanni an shafe daɓensa. Na ji kin ce gwiwa ba za ta bar ki ki zo ba. Ban matsa miki ba. Ki dai riƙe ni a zuciya.

Ina kan ƙafafuna, Zibuyile. Kin ga na kai.

Naki,
Velaphi.


Ndlovini,
Tsakiyar watan Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Zibuyile,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki da ta Sindi da yara, ki sami wuri ki zauna kafin ki karanta wannan. A kwance nake rubuta ta, da faranti a kan cinya maimakon tebur, amma kada wannan ya tsorata ki. Gajiya ce.

Mama tana gida.

Lungile ta zo da motar gandu kamar yadda ta ce. MaZikhali ta bi mu don ta zama bakina, tunda kin san mai ɗauke da reshe ba ya magana da mai rai, ba ya kuma waiwaye, har sai ya shiga gida. In ya buɗe baki a hanya, a nan wanda ya ɗauko zai tsaya. Ta ce, "Yau dai Allah ya kama ka, Baba. Zan faɗi son raina ba ka da bakin ramawa."

Lungile ce ta tuƙa kwalekwalen. Dorina suna leƙenmu daga nesa, matasan kwasakwasa masu ruwan toka suna shawagi a gefe, ba su ko kula mu ba. Su biyun suka tsaya a bakin ruwa, na hau tudun ni kaɗai. Na hau shi, Zibuyile, da ƙafafuna. Ƙasar fari fat da kashin tsuntsu, ga gashi ko'ina, ga warin kifi, ga ruɓaɓɓun kututturan fayin. Ba dutse, ba alama. Amma da na tsaya inda ƙofar gida take, tafki a hagu, tuddan teku a gaba, sai komai ya zauna a wurinsa. Na taka zuwa bayan inda garken shanu yake, na durƙusa, na ɗora reshen a ƙasa. Na kira ta da sunanta, na ce, "MaNtuli, Mama, ni ne Velaphi. Na tsufa, ba za ki gane ni ba, amma ni ne. Na zo in kai ki gida wurin mijinki."

Na gama, na yunƙura zan tashi, sai na kasa. Ba ƙafa ce ta hana ni ba. Wani abu ne ya faɗo mini wanda ban yi tunaninsa ba duk tsawon jiran nan.

Ba ita kaɗai ba ce a ramin nan.

Kin san ku biyu kuka zo. Ba a cika faɗa a gabanki ba, amma kin sani. Ke kika fara fitowa, shi ya biyo baya, bai yi kwanaki da yawa ba ya bi Mama, aka kwantar da shi a gefenta tun ba a raɗa masa suna ba. A wurin manya, jariri irinsa ba a lissafa shi, ba a ɗauko shi. Shi ya sa Baba bai ambace shi ba, ni ma reshe ɗaya na yanko, don kowane mamaci da reshensa. Amma ina durƙushe a wurin na san abu ɗaya kamar yadda na san sunana. Matar nan ba za ta taso ta bar jariri a daji ba. Ko na kira ta har muryata ta dushe, itace kawai zan kai gida.

A tsibirin ba magaryar kura, komawa in yanko wani kuwa, ni da ke mun san ba ni da wata tafiyar a jikina. Na dubi reshen, yana da ɗan ƙaramin hannu a gefe. Na kama na tsage shi. Ƙayar nan mai ƙugiya ta yi mini aiki a tafin hannu, ban ji zafi ba sai daga baya. Na ɗora ƙaramin a ƙasa. To, da wane suna zan kira shi? Na ce, "Kai na bayan Zibuyile, ni yayanka ne. Hau bayan uwarka." Na zare zaren hankicina na ɗaure ƙaramin a bayan babban, na goya mata shi. Sannan na tashi, kuma wannan karon ƙafafuna suka yarda.

Da na sauko, MaZikhali ta dubi hannuna da jini, ta dubi goyon. Mai surutun nan sai kawai ta gyara ɗankwalinta. Na shiga kwalekwale ina gaya wa Mama, "Za mu haye Tafkin Dinya, ki riƙe yaro da kyau." A mota aka ba ta kujerar gaba ita kaɗai, ni ina bayanta riƙe da gindin reshen. Sai a lokacin MaZikhali ta sami baki, ta ce wa Lungile, "Kujera ɗaya ta isa, goyo ba ya cin wuri."

Duk inda muka zo ina faɗa mata. Ga fadama, Mama. Ga hanya ta karkata. Da muka shiga sauran fayin ɗin nan na ce, "Kada ki ji tsoron duhun, wucewa za mu yi." A nan cikinsu ne ƙirjina ya kama. Kamar an ɗora mini dutsen niƙa, gumi ya karyo, hanya ta fara juyawa. Lungile ta gani ta madubi, ta taka birki, ta juyo tana cewa, "Baba! Baba, me ke faruwa? Yi magana! In juya asibiti?" Amsar tana bakina. Na san in na ce ko da a'a, to a nan na sauke su, a tsakiyar itatuwan da suka ɓoye su tun farko. Na dantse haƙora. MaZikhali ta ce, "Ke 'yar nan, bar tambayarsa! Ni ce bakinsa, na ce ki ja mota." Ta laluba aljihun kwat ɗina ta ciro ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe ta tura mini. Lungile tana tuƙi tana hawaye tana cewa za mu kashe ta da ranta. Ni kuwa da numfashi ya ɗan dawo, Mama na ba shi. Na ce, "Ga ƙofar gandu. Ga gada, za mu haye kogi."

Mai gadin ƙofa ya leƙo, ya ga kujerar gaba, ya cire hula ya ɗaga mana sanda.

Muka iso da rana tsaka. Na shiga da su ta ƙofar gida, na bi da su ta gaban kabarin Baba na ce, "Ga su, na kawo." Na sa su a ɗakin kakanni, na kunna turaren ganye. Da na fito, maganata ta farko da mai rai ita ce, "MaZikhali, duk abin da kika faɗa a hanya na ji, zan rama." Daga nan ban san inda nake ba sai da na ga nas a kaina.

Yanzu ga abin da ya rage. Ba a yanka akuyar ba tukuna. Dattawan unguwa sun zo, sun ce Mama an san ta, amma ba a gabatar da mara suna ga kakanni, ba su san da me za su amsa masa ba. Suka ce in raɗa masa. Na ce ba ni ba. Akwai wadda suka kwana ciki ɗaya, ita ta fi kowa saninsa a duniya.

Saboda haka ki zo, Zibuyile. Sindi ta sa ki a mota ta miƙe miki gwiwar a kan matashi. Ba ki taɓa gaida uwarki da bakinki ba, ga ta nan a ɗakin da ke kallon nawa. Maganar komawata Thekwini kuwa a bar ta, ba a kawo baƙi gida maigida ya sa ƙafa ya fice. Zan jira ki, kin dai ga na iya jira. Amma kada ki gwada ni da yawa.

Ki yi tunanin sunan a hanya.

Ina gaida ku duka da kyau da kyau.

Naki har kullum, yayanku ku biyu,
Velaphi Mthiyane.